Shanun Yumɓu a Ajin Gwaggo

Shekaranjiya da hantsi na shiga wani ajin ƙananan yara a wani ƙauye da ke bayan Roni, a cikin aikina na duba makarantu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Malamar ajin ta sa an ɗebo mata yumɓu daga bakin kududdufi, ta zuba a wani tsohon daro, yara sun kewaye shi suna cuɗawa. Ban ƙarasa sallama ba ƙamshin ya tare ni a bakin ƙofa. Ka san ƙamshin ɗanyen yumɓu, mai sanyin nan, da ɗan warin ganyen da ya kwana cikin ruwa. Na tsaya cak. Malamar ta zaci laifi na gani, ta soma ba da haƙuri a kan yadda aka ɓata ƙasa. Na ce mata ta ƙyale su, su ci gaba. Ba ta san cewa bakin da nake mata magana da shi a gaban irin wannan daron ya buɗe ba.

A wata ruga kusa da Gwiwa aka haife ni. Babana Bahaushe ne ɗan Kazaure, fataucin awaki da tumaki yake yi daga wannan kasuwa zuwa waccan, har Babura da kasuwannin bakin iyaka, don haka ba mazauni ba ne. Innata Bafulatana ce, kuma saboda yawan tafiyarsa ya bar ta kusa da iyayenta. Da Fulatanci na buɗe baki. Abin da nake iya tunawa na Inna bai da yawa. Ina tuna ƙamshin man shanu da hayaƙi a zanenta. Ina tuna ƙarar maburgi a cikin ƙwarya da sassafe, da yadda take goya ni mu bi bayan garke tana gaya mini sunan kowace saniya, kamar mai gabatar da ni ga dangi.

Da damina ta rasu, wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ina da shekara huɗu ko sama da haka kaɗan. Bayan an share makoki Baba ya ɗora ni a gaban babur ya kawo ni Kazaure, gidansu. Abin da na fara gani shi ne duwatsun nan da suka tsaya wa garin a kai, ni da ban taɓa ganin abin da ya fi rumbu da bishiya tsawo ba.

Gida ne babba. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, akwai Baffa, wan Baba, wanda shi ne mai gidan, da iyalinsa, da yara da yawa. Ba wanda ya ƙi ni, wannan kam zan faɗa. An ba ni tuwo, an ba ni wurin kwana kusa da Kaka. Amma ba mai jin harshena a gidan, ni kuma Hausata ba ta wuce ta gaisuwa ba. A kwanakin farko na yi magana. Na nemi ruwa da sunan da na san shi da shi, yara suka kwashe da dariya, suka yini suna maimaitawa. Na tambayi inda Inna take, aka dube ni aka dubi juna. Da Baba ya koma fatauci, sai na daina. Ba fushi na yi ba, ban kuma yi niyya ba. In na buɗe baki sai in ji kamar an cusa mini auduga a maƙogwaro.

Haka na yi kusan shekara biyu. Kaka ta yi iya yinta. An rubuta mini ayoyi na sha, an yi mini tofi, an kai ni asibiti aka leƙa kunnena aka ce lafiyarsa ƙalau. A hankali gida ya saba. Aka koma kirana bebe, ba da mugunta ba, kamar dai yadda ake ce wa wani dogo. Ana hira a gabana kamar ba na wurin, alhali zuwa lokacin Hausa ta gama shiga kunnena, ba abin da ba na ji. Da lokacin sa yara makaranta ya zo, Baffa ya tattara sa'o'ina na gidan ya kai su. Ni kuwa ya ce a bar ni da awaki, tun da jinin kiwo ne da ni, aikin kuma ba ya bukatar baki.

A nan Gwaggo ta shigo maganar. Ita ce babbar yayarsu Baba da Baffa. Mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta yana can ƙuryar tsakar gida kusa da bishiyar darbejiya. Malamar firamare ce, kuma tun da ta fara aiki aji ɗaya take koyarwa. Sauran malamai kowa burinsa a matsar da shi zuwa manyan azuzuwa, ita ko an ba ta sai ta ce a bar ta inda take. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, yatsunta kullum fari fat da alli.

Ta ce da Baffa, "Gobe da shi zan tafi."

Baffa ya ce, "Haba Yaya, me bebe zai yi a aji?"

Ta ce, "Zai zauna. Zaman ma koyonsa ake yi."

Ajin Gwaggo ba benci, tabarmi ne aka shimfiɗa, rufin kwano yana ɗaukar zafi tun kafin rana ta take. Yara sun cika shi maƙil, wasu na kuka, wasu na barci, wani ya yi fitsari a zaune. Ta ajiye ni kusa da taga, inda za ta riƙa ganina. Ba ta taɓa nuna ni da yatsa ta ce in faɗi wani abu ba. Da tsakuwa take koya ƙirga, da karan dawa take haɗa haruffa a ƙasa, kowane darasi da waƙarsa. In ana rabon tsakuwa sai ta zuba mini nawa ta wuce, kamar kowa. Haka muka ci rani, muka ci bazara.

Da ruwa ya sauka, sai ta sa manyan ɗalibai suka ɗebo yumɓu. Ta ce kowa ya gina abin da ya sani. Wasu suka yi tukunya, wasu mota, wasu suka shafe fuskar juna. Ni hannuna da kansa ya soma yin shanu. Na yi musu tozo, na lanƙwasa musu ƙaho, kowace da irin tsayuwarta kamar yadda na san su a ruga. Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina tana kallonsu. Da aka tashi ta jera su a bakin taga don su bushe, ta ce duk wanda ya taɓa su zai gamu da ita. Duk ranar da aka kawo yumɓu garken nan sai ya ƙaru.

Wata rana, yara sun fita hutun ƙarfe tara, sai ta naɗe zanenta ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ban taɓa ganin malami a ƙasa ba. Ta ɗauki ɗaya daga cikin shanun ta ce, "Nagge." Saniya ke nan da Fulatanci. Na ɗago kai na dube ta. Rabona da jin kalmar tun ranar da aka ɗauko ni. Ta ajiye, ta ɗauki wata, ta sake cewa, "Nagge." Sai ta kai hannu kan babban, mai ƙaton tozo, wanda na fi ɓata lokaci a kansa, shi ma ta ce masa nagge.

Na ce, "Ngaari."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Gwaggo ba ta yi kabbara ba, ba ta rungume ni ba, ba ta ko dube ni ba. Ta juya shi a hannunta ta ce, "To, ngaari. Mu kuma bijimi muke ce masa." Ta ɗauki na gaba ta ce, "Wannan fa?" Da aka tashi ta riƙe hannuna gam, ba ta sake shi ba har gida.

Daga baya na ji cewa ta daɗe tana tsayawa wurin wata Bafulatana mai tallar nono a ƙofar makaranta, tana koyon kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ko da gangan ta kira bijimin nan saniya, ko kuwa iyakar abin da ta iya ke nan, na tambaye ta da na girma, ta ce ta manta. A gida ta gargaɗi kowa kada a taru a kaina, kada a ce in maimaita. Muka koma musaya ni da ita, in ba ta Fulatanci ta ba ni Hausa. Kafin a girbe gero ina rera waƙar ƙirga tare da 'yan aji. Ranar da Baba ya dawo daga kasuwa na tare shi a tsakar gida na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Yana riƙe da igiyar tumaki. Ya dube ni, ya saki igiyar, ya juya ya koma zaure. Ya daɗe kafin ya sake shigowa.

Ina sakandare aka zo da maganar cewa takardar da Gwaggo take aiki da ita, Gired Tu, ta daina isa, kowane malami sai ya sami NCE. Ta haura hamsin a lokacin. Wasu sa'o'inta suka haƙura suka jira ritaya. Ita ta shiga karatun ƙarshen mako, Asabar da Lahadi ta hau acaɓa ta tafi, ta zauna aji ɗaya da waɗanda ta koya wa riƙe fensir. Matsalar ita ce idanunta sun fara dushewa. Sai ya zama bayan la'asar mukan zauna a gindin darbejiyar nan, in karanta mata takardun darasinta, in fassara inda Turancin ya yi tsauri.

A nan na fara sanin cewa abin da Gwaggo take yi ilimi ne mai zaman kansa, da malamansa da littattafansa. Na karanta mata yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa a shekarun farko, da yadda wasa yake zama karatu a wurinsa, da dalilin da ya sa ya fi kyau a fara masa da harshen da ya sha a nono. Wata rana muka zo kan wani babi da ke bayanin yaron da yake ɗauke magana bayan rashi ko sauyin wuri, da yadda ake lallaɓa shi. Na karanta rabi, na tsaya.

Ta ce, "Ci gaba mana."

Na ƙarasa. Ta juya fuskarta inda kaji ke tono. Can ta ce, "Ashe abin har suna gare shi. Ni lalube na yi, Allah ya taimake ni. Da na san wannan tun farko, da ba ka kai shekara biyu a haka ina kallonka ba." Ta gyara zama ta ce, "Yara nawa suka bi ta hannuna ban gane abin da ke damunsu ba? Wani ba ya ji sosai, na ɗauka taurin kai ne. Wani ba ya ganin allo. Karanta mini wurin nan kuma."

Ba ta gama karatun ba. A shekarar ƙarshe idon ya rufe, aka ce ciwon ya riga ya ci jijiya, ba aikin da za a yi. Ba ta rubuta jarrabawar ƙarshe ba. Ta yi ritaya da tsohuwar takardarta, ta koma ɗakinta da carbinta. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai in yaran unguwa suna wucewa makaranta da safe takan ce a buɗe mata ƙofa.

Da na gama sakandare sakamakona ya yi kyau. Baba yana so in karanta aikin lafiya, ko wani abin da zai kai ni ofis. Na same shi a zaure bayan sallar azahar, na durƙusa na ce kwalejin ilimi nake so, sashen ilimin ƙananan yara.

Ya ce, "Sashen me?"

Na maimaita.

Ya ce, "Raino ke nan. Duk karatun nan da ka yi, ƙarshensa ka je kana share wa 'ya'yan mutane majina? Namiji da kai?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani yadda na ji daga bakin malamanmu. Na ce bayan NCE mutum yana iya wucewa jami'a ya fara daga aji biyu ya yi digiri a fannin, in ya so ya ƙara na biyu. Na ce akwai masu zama shugabannin makaranta, akwai masu duba makarantu, akwai masu koyar da malamai a kwaleji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Duk hanyoyin nan da ka jero, daga ina suke farawa?" Na ce daga ajin yara. Ya ce, "To ka gani." Ya tashi ya shiga gida.

Aka kwana biyu ba ya amsa mini sai gaisuwa. Gwaggo ta ji labari, ta aike ni in kira shi. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofarta kamar yadda ya saba, ni ina tsaye daga gefe.

Ta ce, "Ni ma majinar na share har na tsufa. Ka taɓa jin kunyar a ce yayarka ce ni?"

Ya ce, "Subhanallahi, Yaya. Ai ke mace ce."

Ta ce, "Su yaran, mata kaɗai ne suka haife su?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ban ce ka so abin ba. Cewa na yi kada ka hana shi."

Baba ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Allah ya sa alheri ne." Iyakar abin da na samu ke nan, da shi na tafi.

A sashenmu maza ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. 'Yan sauran sassa suna kiranmu masu goyo. Da aka tura ni koyon aiki a wata makaranta a Achilafiya, wata tsohuwa ta kawo jikarta, ta leƙo ta gan ni zaune a tabarma cikin yara, ta tambayi hedimasta ko malamar ba ta da lafiya ne. Sai da aka yi makonni kafin ta daina tsayawa a bakin taga. Amma karatun ya buɗe mini ido. An koya mana yadda za ka gane yaron da yunwa ke hana shi natsuwa, da wanda kunnensa ko idonsa ke da matsala, da yadda ake magana da iyaye ba tare da an kunyata su ba. Duk hutu in na dawo, kafin in ajiye jaka Gwaggo za ta ce, "Zo ka gaya mini abin da aka koya muku." Takan saurara da idanunta a buɗe suna kallon sama, wani wurin ta gyaɗa kai, wani wurin ta ce, "Wannan kam sai a ajin da yara ba su da yawa."

Ta rasu da bazara, ina shekarar ƙarshe. Wurin zaman makoki na ga abin da ban zata ba. Mutane suka yi ta zuwa, waɗanda ba danginmu ba, ba kuma maƙwabta ba: direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti, wani da furfura a gemunsa. Kowa in ya yi addu'a sai ya ce, "Ita ta fara ni." Baba yana zaune yana karɓar gaisuwa, yana bin kowannensu da kallo.

Na yi shekaru ina koyar da rabin aji, wato ajin da ake shiga kafin aji ɗaya. Na yi digirina ina aiki, a lokutan hutu, daga baya aka mayar da ni ofishin ilimi ina zagaya makarantu. Abokan karatuna kowa da inda ya nufa. Wata ta buɗe 'yar makarantarta a Kanya Babba, ta fara da ɗaki biyu a gidan mahaifinta. Wani ya koma ya ƙware a koyar da kurame. Wata tana aiki da masu kula da abincin yara a asibitocin karkara, ɗaya kuma yanzu shi yake koyarwa a sashen da aka yi mana dariya. Akwai kuma waɗanda suka gaji suka bar aikin, ban ga laifinsu ba, don aiki ne mai cin rai, ladansa na duniya kuma kaɗan ne.

Abubuwa sun sauya, ba zan ce ba su sauya ba. Yau ƙauyuka da yawa suna da ajin ƙanana, abin da babu shi a zamaninmu. Wanda ya yi digiri a wani fannin ma yana iya yin diflomar koyarwa ya shigo. Matasa suna tare ni su tambayi wace kwaleji, wace jami'a, ina aikin yake kaiwa, har da maza a cikinsu. Ina gaya musu hanyoyin duka, sannan in ce kafin su cike komai su je su yini ɗaya a ajin ƙanana, su ga ko ransu zai ɗauka. Amma har yanzu nakan shiga makaranta in tarar an ba ajin nan malamin da aka rasa inda za a kai shi, ko an bar yaran da wata babbar ɗaliba da tsumagiya. A irin wannan ranar nakan dawo gida jikina a mace.

Shi kuwa Baba, shekara da shekaru in aka tambaye shi aikina a majalisarsu, cewa yake yi, "Yana ƙaramar hukuma." Ban taɓa yi masa maganar ba. Yanzu ya tsufa, ya bar fatauci, ni nake riƙe masa hannu zuwa masallacin Juma'a. Bara, mun fito daga salla, wani tsohon abokin kasuwarsa daga Babura ya tare mu. Suka gaisa, mutumin ya dube ni ya ce, "Wannan ne ɗan wajenka? Me yake yi yanzu?"

A lokacin na daɗe da barin aji. Ina da tebur a ofis, da babur na aiki, ana ce mini sufeto. Da ya faɗi haka, gaskiya ya faɗa, kuma ita ce amsar da ya daɗe yana so ya samu.

Baba ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Malamin ƙananan yara ne. Waɗanda ko fensir ba su iya riƙewa ba, shi yake fara su."

Mutumin ya ce, "Madalla." Baba ya miƙo mini hannu, muka ci gaba da tafiya a hankali har muka isa gida.